Habaici a Duniyar Takobi da Sihiri: Nazarin Kwaikwayon Barkwanci a KonoSuba

A watan Janairun 2016 gidajen talabijin na Japan suka fara nuna wani zane mai motsi, irin wanda ake kira anime, mai suna KonoSuba. Kamfanin Studio Deen ne ya shirya shi, Takaomi Kanasaki ya ba da umarni. Da mutuwa labarin ya buɗe. Kazuma Satou, matashi ɗan shekara 16 da ya daɗe da kulle kansa a ɗaki yana wasan bidiyo, ya fita sayen sabon wasa. A hanyar komawa gida ya hango abin da ya ɗauka babbar mota ce za ta take wata yarinya, ya yi kukan kura ya ture ta. Da ya buɗe ido sai ga shi gaban Aqua, wadda labarin ya ba matsayin allahiyar ruwa mai karɓar matasan da suka mutu. Ita ce ta shaida masa, tana ƙyaƙyata dariya, cewa tarakta ce mai tafiyar hawainiya, kuma ko ƙwarzane bai samu ba. Tsoro ne kawai ya kashe shi.

Baƙon wannan fage zai yi dariya ya wuce. Wanda ya saba da irin waɗannan labarai kuwa ya san inda aka dosa, domin a shekarun nan babbar mota ta zama ƙofar da marubutan Japan suka fi tura jarumansu ta cikinta zuwa wata duniya. Ta nan jarumin Mushoku Tensei ya bi, wasu masu yawa suka biyo sawunsa. Musanya motar da tarakta gugar zana ce ga zuriyar labarai sukutum. Abin da ya sa wannan shiri ya cancanci nazari shi ne, aron da yake yi daga wasu ayyuka shi ne ƙashin bayansa, kuma da shi yake faɗar magana mai nauyi a kan mafarkin tserewa daga rayuwa.

Gidan da ake yi wa habaici

Habaici ba ya cizo sai an san mai shi. Duniyar takobi da sihiri da Japanawa suka saba da ita ta kafu sosai a 1986. A shekarar ce kamfanin Enix ya fitar da wasan bidiyo na Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara, Akira Toriyama mai Dragon Ball ya zana halittunsa. Daga nan aka gaji tsarin da kowane yaro a ƙasar ya haddace: jarumi zai tashi daga ƙaramin gari, ya fara da kashe ƙananan dodanni, ya tara maki ya hau mataki, ya haɗa ayarin mai takobi da mai sihiri da mai warkarwa, har ya kai ga fadar Sarkin Shaiɗanu. A wannan shekarar dai mujallar Comptiq ta fara buga Record of Lodoss War, wanda ya samo asali daga wasan tebur na Amurka, Dungeons & Dragons, ya kuma ɗauki wannan duniya da matuƙar muhimmanci.

Daga baya intanet ya buɗe ƙofa ga kowa. Dandalin Shōsetsuka ni Narō, da aka kafa a 2004, ya bai wa duk mai sha'awa damar buga labarinsa kyauta, masu karatu su ɗaga wanda ya burge su. Abin da ya samu karɓuwa sai ya yi ta haihuwa: saurayin da bai tsinana komai ba a Japan ya mutu, a sake halittarsa a duniya mai dokokin wasan bidiyo, a ba shi baiwar da ta fi ta kowa, 'yan mata su kewaye shi. Wannan salo shi ake kira isekai. A cikin wannan dandali Natsume Akatsuki ya fara buga KonoSuba a ƙarshen 2012, kafin kamfanin Kadokawa ya mayar da shi littafi a 2013 da zanen Kurone Mishima, har ya kai juzu'i 17. Ke nan ɗan gida ne ya yi wa gidan zambo, kuma masu karatunsa na farko su ne waɗanda suka ƙoshi da abin da yake zolaya.

Aro iri biyu

Ya kamata a bambance hanyoyi biyu da anime ke ɗauko wasu ayyuka. Ta farko ƙyafta ido ce: a ari tsayuwar wani jarumi, ko salon zanen wani littafi, na daƙiƙa biyu ko uku, a wuce. No Game No Life na 2014 ya cika da irin wannan, inda za a ga fuskoki sun rikiɗe zuwa salon JoJo's Bizarre Adventure, ko a kwaikwayi lauyan wasan Ace Attorney yana nuni da yatsa a kotu. Daɗinta shi ne daɗin ganewa. Mai kallo yana jin an sa shi cikin 'yan gida, shi ya sa masoya ke tsayar da hoto suna farautar abin da aka ɓoye. Amma ranta gajere ne. Ranar da aka manta asalin, dariyar ta mutu.

Hanya ta biyu ita ce a ari ginin gaba ɗaya a juya shi. Mai karatu da ya san 'yan kama zai gane ta nan take: sukan ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, su bar amonta yadda yake, su cika ta da zancen tuwo da miya, sai girman karin da ƙanƙantar zancen su haɗu su haifi dariya. Mahōjin Guru Guru na Hiroyuki Etō, wanda ya fara fita a 1992 a mujallar kamfanin Enix ɗin kansa, ya yi wa Dragon Quest haka, har da akwatunan rubutu irin na wasan suna bayyana shirmen jarumai. KonoSuba a wannan layi yake.

A dubi ayarin Kazuma. A takarda, babu ayarin da ya kai shi: babbar mai warkarwa, babbar matsafiya, da jaruma mai sulke. A fagen fama kuwa kowacce ta riƙe siffa ɗaya ta matsayinta ta kai ta maƙura har ta lalace. Aqua tana iya tayar da matacce, amma katinta na ƙungiyar 'yan kasada ya nuna ƙarancin basira da rashin sa'a, ga almubazzaranci. Darkness tana shanye kowane irin duka, sai dai takobinta ba ya samun abin da ta sara. Megumin ta zuba dukkan makinta a sihiri guda, na fashewa, wanda take iya yi sau ɗaya tak a rana, sannan ta faɗi warwas sai an goya ta zuwa gida. Masu dogon kallo suna hango inuwar Lina Inverse ta Slayers a jikinta, matsafiyar da anime ɗinta ya fito a 1995, mai doguwar addu'ar tsafi da ke rusa gari tare da dodon da ya addabe shi. Ƙabilar Megumin kuma, masu jajayen idanu da sunaye masu ban kunya da tsayuwar taƙama kafin gabatar da kai, zolaya ce ga ɗabi'ar 'yan makarantar sakandare masu riya cewa wani ɓoyayyen ƙarfi na kwance a jikinsu. Ko ƙyallen da take rufe ido ɗaya da shi na ado ne.

Mafi kaifin zambon shi ne Mitsurugi Kyouya. Shi ne ainihin jarumin da sauran labaran ke ɗaukakawa: kyakkyawa, mai takobin sihiri Gram, mai 'yan mata biyu a bayansa, mai yaƙinin cewa shi ne tsakiyar duniya. Kazuma ya kayar da shi cikin ƙiftawar ido da dabarar sata, ya kwashe takobin ya sayar. Da aka raba shi da kyautar da aka ba shi, babu abin da ya rage. Tambayar da shirin ya jefa wa salon isekai ke nan: idan baiwar aro ce, jarumtar ta wace ce?

Bashi, leburanci da bargar dawaki

A nan ne shirin ya fi zurfi. Labaran isekai suna yi wa mai karatu alkawarin cewa matsalarsa wurin zama ce, da zai sauya duniya da ya zama wani. KonoSuba ya karɓi dokokin wasan bidiyo da gaske, sannan ya shigo da abin da wasan ke tsallakewa, wato kuɗi. Da Kazuma da Aqua suka sauka a garin Axel, ko kuɗin rajistar ƙungiyar 'yan kasada ba su da shi, sai da Aqua ta roƙi wani limamin ɗarikar da ke gogayya da tata. Kwanansu a bargar dawaki, aikinsu leburanci a wurin gini. An nuna wannan cikin jerin hotuna da kiɗa, irin jerin da sauran shirye-shirye ke warewa don horon jarumi, sai ga shi a nan haƙa ake yi da yaɓe da karɓar ladan yini.

Dodannin farko ma an juya su. Inda aka saba da ƙaramar halitta mai sauƙin kisa, sai ga ƙattin kwaɗi masu haɗiye mutum. Babban aikin gayya na garin shi ne kamun kabeji, domin a wannan duniya kabeji tashi yake yi sama idan ya nuna. Verdia, jarumi marar kai kuma ɗaya daga cikin janar-janar na Sarkin Shaiɗanu, ya zo ƙofar gari ne da ƙorafi irin na maƙwabci, saboda kullum Megumin na gwajin fashewarta a kan fadarsa. Da aka ci shi da yaƙi, ambaliyar da Aqua ta kira ta rushe ganuwar gari, kuɗin gyara ya zarce ladan nasara, ayarin ya wayi gari cikin bashi. Da suka tarwatsa Destroyer, ƙatuwar na'ura mai siffar gizo-gizo da ke cinye garuruwa, sakamakon Kazuma shi ne gurfana gaban shari'a a farkon zango na biyu a 2017, saboda gidan hakimin yankin ya tashi a sanadin aikin. Hatta asalin na'urar, kamar yadda littafin tarihin maƙerinta ya nuna, daga wani ma'aikaci ne da aka matsa wa lamba aka hana shi isassun kuɗin aiki.

Duk wanda ya san Japan ta bayan durƙushewar tattalin arzikinta a farkon shekarun 1990, da matasan da suka rasa aiki na dindindin, da waɗanda suka janye daga jama'a suka kulle kansu a ɗaka, zai ga cewa wannan dariya tana da tushe. Kazuma ya gudu daga duniyar aiki da haya, ya faɗa wata duniyar aiki da haya. Abin da ya samu a can wanda ya rasa a gida shi ne mutanen da zai yi faɗa da su da safe, ya ci abinci da su da dare. Shirin ya ƙwace masa mafarkin fifiko, ya ba shi zaman tare.

Dalilin ɓoyewa

Akwai dalili na doka da ya sa irin wannan aro ke zuwa a lulluɓe. Dokar haƙƙin mallaka ta Japan ba ta ware wa kwaikwayon barkwanci wata kariya ta musamman ba. A 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar mai zane Mad Amano, wanda ya ɗauki hoton masu wasan zamiya a kan ƙanƙara na Yoshikazu Shirakawa ya ɗora masa ƙatuwar tayar mota, ta ce ya taɓa haƙƙin mai hoton. A 2015 kuma kashi na farko na Osomatsu-san, wanda ya kwaikwayi fitattun shirye-shirye ciki har da Attack on Titan, an janye shi daga intanet, ba a kuma saka shi a faifan sayarwa ba. Saboda haka masu shiri suka ƙware wajen sauya harafi a suna, rufe ido da baƙin layi, ko toshe kalma da ƙara, dabarun da Gintama na Hideaki Sorachi ya mayar abin dariya a karan kansu. Wanda ya ari tsarin salo gaba ɗaya, kamar Akatsuki, ya tsira daga wannan tarko, domin babu mai mallakar Sarkin Shaiɗanu.

Al'adar kuma ta girmi talabijin nesa ba kusa ba. Mawaƙan fadar Japan suna da fasahar honkadori, inda ake ɗauko 'yan kalmomi daga tsohuwar waƙa a dasa su cikin sabuwa don mai ilimi ya ji amon biyun tare. Fujiwara no Teika, ɗaya daga cikin waɗanda suka tattara kundin Shin Kokinshū na 1205, ya shimfiɗa mata ƙa'idoji. A ƙarni na 17 aka rubuta Nise Monogatari, wanda ya bi tsohon littafin Ise Monogatari sashe bayan sashe, ya sauke soyayyar 'yan sarauta zuwa yunwa da talaucin mutanen gari. Sauke jarumi daga fada zuwa barga tsohuwar sana'a ce a adabin ƙasar.

Inda shirin ya gaza

Adalci ya wajabta a faɗi rauninsa. KonoSuba yana zolayar yadda salon isekai ke mayar da mata kayan kallo, amma sau da yawa shi ma abin da yake yi ke nan. Barkwancin da aka gina kan Darkness, da yadda dabarar satar Kazuma ke ƙarewa kan tufafin 'yan mata, batsa ce da ba ta ƙara wa sukar komai, kuma ta sa shirin bai dace da yara ba ko kusa. A irin waɗannan wurare mai habaici ya zauna cin abincin da yake kushewa.

Kasuwa ma ta haɗiye shi. Bayan fim na 2019 da zango na uku a 2024, da Isekai Quartet na 2019 wanda ya haɗa jarumansa da na Overlord da Re:Zero da Saga of Tanya the Evil a aji ɗaya, KonoSuba ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan salon da ya taso yana zolaya, wasu kuma suka shiga kwaikwayon kwaikwayonsa. Da yawansu sun ɗauki ihu da ayarin shashashai, suka bar tambayar da ke ƙarƙashi.

Don haka ma'aunin da ya dace mai kallo ya riƙe ba yawan abubuwan da ya gano a ɓoye ba ne. Ya tambayi kowane aro: me ya faɗa game da asalinsa wanda asalin bai iya faɗa da bakinsa ba? Sannan ya duba ko labarin zai tsaya da ƙafafunsa a gaban wanda bai taɓa riƙe Dragon Quest ba. Yawancin ƙyafta idon da ke cika anime suna faɗuwa a gwajin farko. KonoSuba, duk da tabonsa, ya haye duka biyun, domin bashi da neman abin kai wa baki da haƙuri da abokan zama abubuwa ne da mai kallo ya sani tun kafin ya san Japan.