Gwanayen Raya Ɓargon Haƙori

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan rami, cikinsa da wani jan nama mai taushi da ke ɗauke da jijiyoyin jini da na jin zafi. Shi ne ke hana mutum barci idan haƙori ya ruɓe. A shekarar 2000, Stan Gronthos da Songtao Shi, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, suka nuna cewa wannan ɓargon haƙori na ɗauke da ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halitta masu hayayyafa, waɗanda ke iya rikiɗa su gina ƙashin haƙori. Bayan nan 'yar Shi mai shekara 6 ta yi famfara, ya lura da ɗan jan nama a haƙorin, ya kai shi ɗakin gwaji. A 2003 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙwayoyin haƙoran yarinta sun ma fi na manya saurin yaɗuwa.

Ganowar ce ta yi suna, amma ni aikin hannun ne ya fi burge ni. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, abin da ake nema a cikinsa kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kuskure kaɗan ke kashe shi. Ga baki cike da ƙwayoyin cuta. Saboda haka da an cire haƙori sai a tsoma shi cikin ruwan magani mai sanyi, a gaggauta kai shi ɗakin gwaji. A can gwani zai wanke bayansa tsaf, ya zagaye wuyansa da ɗan injin yanka, ruwa na kwarara a kai, domin zafin gogayya kaɗai ya isa ya dafa ɓargon. Ba ya barin injin ya isa ramin. Idan tsagar ta yi zurfin da ya dace, sai ya fasa haƙorin gida biyu, ya zaro naman a hankali. Sanin inda za a tsaya ɗin nan, hannu ne ke koyonsa da yawan yi.

Sai a yayyanka naman ƙanana, a jiƙa shi kimanin awa ɗaya cikin sinadaran da ke sassauta shi, a tace, a zuba a faranti mai ruwan abinci, a ajiye a ɗumin jikin mutum, digiri 37. Daga nan sai haƙuri. Ana canja ruwan bayan 'yan kwanaki, ana duba farantin a madubin ƙara girma, har ƙwayoyin su manne, su yi gungu-gungu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gogaggen ma'aikaci daga launin ruwan yake gane farantin da cuta ta shiga. Waɗanda za a adana ana sanyaya su sannu a hankali, kafin a sa su cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili.

An ga amfanin wannan wahala a birnin Xi'an na ƙasar Sin. Yaron da ya faɗi, sabon haƙorinsa na gaba ya mutu tun saiwa ba ta gama girma ba, abin da aka saba yi masa shi ne a share ramin a toshe, haƙorin ya zauna matacce, saiwar gajera, bangonta siriri. A gwajin da aka wallafa a 2018, cikin yara 40 an ware 30 aka ɗebi ƙwayoyi daga haƙoransu na yarinta, aka raya, aka dasa a ramin haƙorin da ya mutu. Bayan wata 12 jini na gudana a ciki, haƙorin ya fara ji, saiwar ta ƙara tsawo. A Japan ma Misako Nakashima ta yi makamancin haka ga manya 5, ta wallafa a 2017.

Yau akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗi su adana haƙoran yara, wasu na ambaton maganin ciwon suga da shanyewar jiki. A waɗannan fannoni galibin binciken bai wuce kan dabbobi ba tukuna, kuma haƙƙin iyaye ne a faɗa musu haka kafin su biya.