Mai Tulu a Ka da Rawar Tsuntsun Ruwa

A cikin wasan bidiyo na Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar ranar 25 ga Fabrairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, akwai wata jaruma da ba a tilasta wa kowa haɗuwa da ita ba. Mutum zai iya kai labarin ƙarshensa bai ko bi ta ƙofarta ba. Sunanta Malenia. Irinta masu wasa ke kira bos, wato babban abokin gaba mai tsare wani wuri, sai dai ita ta ganin dama ce, in ka so ka je, in ba ka so ba ka wuce abinka. Duk da haka, alƙaluman da Bandai Namco, kamfanin da ke dillancin wasan, ya fitar a 2023 sun nuna an kara da ita sau miliyan 329, fiye da kowane bos a wasan. Mafi yawan waɗannan karawar a ƙasa ɗan wasa ya ƙare.

Isa wurinta ma aiki ne. Sai ka haɗa ɓari biyu na wata ɓoyayyiyar lambar ƙarfe mai buɗe hanyar, ɗaya a ganuwar Sol cikin duwatsun ƙanƙara, ɗaya a hannun wani tsoho mai suna Albus da ya ɓad da kama ya zama tukunya a wani ƙauye na yankin Liurnia. Sannan ka ratsa filin dusar ƙanƙara inda ba ka ganin gabanka, ka kunna wuta huɗu a garin Ordina, ka sauko ta rassan wata ƙatuwar bishiya mai suna Haligtree har saiwarta. A can za ka same ta zaune a kujera, ruɓa ta cinye mata idanu, hannunta na dama na ƙarfe ne, doguwar takobinta kuwa a jikin hannun take maƙale.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne duk saran da ta yi maka, rai take ƙarawa kanta. A ƙasan allo akwai wani jan layi mai nuna abin da ya rage mata na rai, kuma da zarar takobinta ta taɓa ka sai layin ya ƙaru. Ko garkuwa ka sa ka tare, haka ne. Wannan doka guda ɗaya ta rushe dabarar da mutum ya saba da ita tun farkon wasan, ta fakewa bayan garkuwa a jira gajiyar abokin gaba, ko ta ba-ni-in-ba-ka, ya sare ka ka sare shi har a ga mai dogon numfashi. A gaban Malenia kowane kuskure sau biyu ake biyansa: ka rasa naka, kuma aikin da ka yi a kanta ya koma baya. Ranta a zagayen farko na wasan ya haura dubu 33 in an haɗa kashi biyu na faɗan. Wanda yake son ya ga bayan wannan adadi dole ya koyi yadda za ta yi ta sara ba ta same shi ba.

Shiri tun daga wajen ƙofa ake yinsa. Gwani yakan duba ƙarfin ransa, wanda ake so ya kai mataki na 40, ko ma na 60 inda rai ke kaiwa 1,900, don sara ɗaya ko biyu kada su gama da shi. Yakan kai makaminsa maƙera har ya ƙure, wato mataki na 25 ga makaman gama-gari, na 10 ga na musamman. Yakan raba goran maganinsa, waɗanda iyakarsu 14, ya ba wa na warkarwa kaso mafi tsoka. Sai kuma abin da sabon shiga ba ya kula da shi, nauyin kaya. Idan sulke da makamai suka haura kashi 70 cikin 100 na abin da jaruminka ke iya ɗauka, mirginawarsa za ta yi nauyi, ya faɗi tim ya daɗe bai tashi ba. Shi ya sa za ka ga ƙwararre yana tuɓe sulke mai kyau da ya sha wuya kafin ya samu, don ya san a nan sauƙin jiki ya fi kaurin ƙarfe amfani.

Mirginawar nan ita ce uwar sana'ar, kuma akwai ilimi ɓoye a cikinta. Idan ka danna madanninta, jaruminka zai dunƙule ya mirgina, kuma a farkon motsin akwai ɗan taƙi, bai kai rabin daƙiƙa ba, wanda wasan ke ɗaukar cewa babu abin da zai taɓa shi. Takobi za ta ratsa jikinsa kamar ta ratsa hayaƙi. Saboda haka ba nisan mirginawa ake nema ba, lokacinta ake nema. Mai tsoro yakan mirgina baya, sai doguwar takobin ta cim masa daidai lokacin da kariyar ta ƙare. Gwani yakan mirgina gaba, cikin saran, ya ɓullo ta gefenta ko bayanta inda zai iya mayar da martani. Kowace mirginawa kuma tana cin kuzari, wani koren layi da ke raguwa da gudu da sara, don haka wanda ya ruɗe yana ta danne-danne ba lissafi zai tsaya cik a gabanta ba numfashi.

Na fi sha'awar yadda masu haƙuri ke koyon wannan. Sukan shiga filin ba da niyyar nasara ba. Sai mutum ya ƙudura cewa a karo goma masu zuwa ba zai kai sara ko ɗaya ba, kallo kawai zai yi. Ya lura da yadda take ja da takobi baya tana tartsatsi kafin ta kawo suka daga nesa, da yadda take miƙo hannun hagu idan za ta cafke shi, da wane jerin sara ne ke ƙarewa a uku, wane ne kuma ke da na huɗu a ɓoye. Ya gano cewa ɗaga goran magani a gabanta gayyata ce, sai bayan ta gama jerin saranta ake sha. Mutuwa a nan kuɗin makaranta ce, matuƙar mutum ya tashi da amsar tambaya guda: me ya kashe ni, kuma a wane motsi na yi gaggawa? Wani kuwa zai mutu sau ɗari ta hanya iri ɗaya, ya ajiye na'urar yana cewa wasan ne ba shi da adalci.

Ita ma tana da rauni. Jikinta ba nauyi, sara mai kyau yakan girgiza ta ya katse mata motsi, ko da yake akwai hare-haren da in ta fara su ba abin da ke tsayar da ita, kuma sanin wanne ne wanne shi ne rabin faɗan. Makamai masu jawo zubar jini da masu daskarar da jiki suna cinta sosai, domin kowane sara yana tara illa a ɓoye har ta cika ta fashe ta zabge mata rai da yawa lokaci guda. Masu saurin ido sukan kaɗe takobinta gefe da ƙaramar garkuwa, amma sai an kaɗe sau uku kafin ta durƙusa a samu damar suka mai zurfi. Ƙa'idar dai sara ɗaya ko biyu, sannan a janye. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sara na uku shi ke kashe mutane.

Sai Rawar Tsuntsun Ruwa, harin da ya yi mata suna. Galibi bayan an ci kusan rubu'in ranta take fara shi. Za ta yi tsalle ta tsaya a iska, takobi a ɗage, na ɗan lokaci kamar ɗaukar numfashi. Daga nan ta sauko da guguwar sara kashi uku, kowanne yana bin inda kake, kuma kowanne ya isa ya kashe. Idan akwai tazara tsakaninku lokacin da ta tashi, ka juya ka zura da gudu, kashin farko zai ƙare a bayanka. Na biyu ba a tsere masa, sai ka juyo ka mirgina cikinsa ta wuce ta kanka. Na uku ka sake kutsawa ta ƙarƙashinta, sannan ka matsa gefe ka dakata, domin akwai ragowar sara da ke tashi a wurin bayan ka zaci an gama. Idan kuwa tana dab da kai ta tashi, gudu ba zai fisshe ka ba. A nan ƙwararru ke yin abin da ya fi ba ni mamaki: sukan zagaya ƙarƙashinta a guje yayin da take rataye a iska, tana juyawa tana neman saitinsu, sai a mirgina a daidai lokacin da ta saki harin, guguwar ta tafi inda ba kowa. Akwai kuma mai jefa mata tukunyar ƙanƙara tana sama, in daskarewar ta kama ta sai ta faɗo, rawar ta mutu tun ba a fara ba. Duk wannan a cikin daƙiƙu kaɗan yake faruwa, kuma yatsu ne ke tunawa, ba a samun lokacin shawara.

Idan jan layin ya ƙare, ba a gama ba. Takan tashi da fikafikai na malam-buɗe-littafi, mafi yawan ranta ya dawo, ta buɗe kashi na biyu da faɗowa daga sama ta zama wani ƙaton jan fure mai fesa ruɓa. Akan ruga ta ƙarƙashinta a kauce, a tsaya nesa har furen ya lafa, mai baka ko tsafin jifa kuma ya yi amfani da wannan dama. Ruɓar tana cin rai a hankali, shi ya sa ake shigowa da ƙwayoyin maganinta a aljihu. A wannan kashi takan turo wasu inuwoyinta su kawo hari ɗaya bayan ɗaya kafin ita kanta ta biyo da suka, kuma rawar nan tana nan ba ta tafi ba. Wasan ya halatta neman taimako, ko ta kiran wani ruhi irin wanda ke kwaikwayon surarka da makamanka, ko ta gayyato wani ɗan wasa ta intanet, kuma ban ga aibin hakan ba. Sai dai mataimakin da ke shan sara abinci ne a gare ta.

Ta wannan ƙofa ta gayyata ne wani ɗan wasa ya yi suna a duniya a watan Afrilun 2022. Laƙabinsa Let Me Solo Her, ma'ana ku bar ni da ita ni kaɗai. Shi da kansa ya ce sai da ya gwada sau 242 kafin ya kayar da ita karon farko. Maimakon ya wuce, sai ya zauna a ƙofarta yana ajiye alamarsa don waɗanda suka gaza su kira shi. A lokacin yakan bayyana ba sulke, daga shi sai bante, da tulu kife a kansa, da takubban Japan biyu a hannu. Wanda aka gayyata rabin goran maganinsa ake ba shi, ran Malenia kuma ƙaruwa yake yi idan an shigo da mataimaki, amma sau da yawa yakan gama faɗan takobinta ba ta shafe shi ba. A watan Mayun shekarar ya cika kayarwa ta 1,000 mutane suna kallo kai tsaye, daga baya Bandai Namco ya aika masa da takobi ta gaske. Mai gayyatar kan koma gefen fili ya tsaya, yana kallon mai tulu yana takawa a hankali, yana jiran ta ɗaga ƙafa daga ƙasa.