Jinjina ga Marasa Nauyi a Fagen Kokawa

Da daddare, idan ma'aikatan kamfanonin Chalawa da Sharaɗa suka dawo Zawaciki, ƙwallo ce ke cika gidan kallo. Amma akwai masu maimaita wata tsohuwar kokawar Amurka a waya: Rey Mysterio da Eddie Guerrero, ajin marasa nauyi, Las Vegas, Oktoban 1997.

Guerrero ya sa kambunsa a faifai, Mysterio ya sa abin rufe fuskarsa.

Kowa ya san tsararren wasa ne. Sai dai alkafura daga kan igiya aikin atisayen shekaru ce, kuskure kaɗan wuya ya karye, kuma abokin karawar ne ke tare mai faɗowa. Mysterio ya ɗauke kambun, fuskarsa a rufe.