Mutumin da ke bayan gini

A watan Maris, idan rana ta take a Minna, zafi kan doshi digiri 40. Wanda ke zaune cikin banki ko zauren biki a Tunga ko Bosso sanyi kawai yake ji yana sauka a wuyansa. Da wuya ya tuna da manyan akwatunan ƙarfen nan da ke jere a bayan gini ko a kan rufi, fankokinsu na ta juyawa cikin rana. A can makaniken esi yake wuni, kuma tun da na tsaya na kalli wani dattijon makanike yana aiki, girman sana'ar ya shiga raina.

Na'urar kwashe zafin ɗaki take yi ta zubar a waje. Kwamfiresa ta matse gas ya yi zafi, ya ratsa bututun jan ƙarfe, fanka ta hura masa iska har ya huce ya zama ruwa, sannan ya koma ciki ya ɗebo wani zafin. Kwamfiresar nan ita ce mafi tsada a duk akwatin, don haka aka kewaye ta da ƙananan masu gadi: makunnin da ke yanke wuta idan matsin gas ya yi yawa, wani idan ya yi ƙasa, wani kuma idan ta ja wutar da ta fi ƙarfinta. Sanin halin masu gadin nan shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Ranar da na gan shi, na'urar kan yi minti goma ta mutu. Mai wurin ya riga ya yanke hukunci, wai gas ne ya ƙare, a ƙara. Dattijon bai musa masa ba. Ya ɗaura geji, shuɗin tiyo a gefen ƙaramin matsi, jan a gefen babba, ya maƙala mita a waya, ya kunna, ya yi shiru yana saurare. Allurar jan gejin ta yi ta hawa har makunnin ya yanke. Yaronsa ya ce, "Oga, mu jone wayar kai tsaye mana, ai za ta tashi." Ya ce, "Kai yaro, mai gadi ya yi ihun ɓarawo, sai ka toshe masa baki? Ɗauko ruwa." Ƙurar hunturu ce, tun daga Disamba, ta liƙe siraran faranti da iska ke ratsawa, zafi ya rasa mafita. Suka kashe wuta suka wanke a hankali don kada farantan su lanƙwashe. Matsi ya sauko, ba a ƙara ko ɗigon gas ba. Gas ɗin ma ba ya ƙarewa da aiki kamar fetur. In ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma da kumfar sabulu ake farautar wurin kafin a yi zancen ƙari.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne wajen wuta. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji tun 1968 da ta Shiroro tun 1990, duk da haka mai babban gini a Minna bai rabu da janareta ba. A ɗauke wuta, a tayar da inji, a dawo da ita, wani lokacin duk cikin minti ɗaya. Kwamfiresar da ta tsaya yanzu, matsi bai daidaita a cikinta ba, idan aka tilasta mata tashi nan take sai ta ja wuta ninki biyar ko shida na abin da ta saba, wayoyin cikinta su gasu. Shi ya sa ake saita ɗan agogon jinkiri, minti uku zuwa biyar. Masu wuri kan ƙosa da jiran, su ce a cire. Gwani ba ya cirewa, sai dai ya zauna ya yi musu bayani.

Manyan na'urori kuma layi uku suke ci. Layi ɗaya ya faɗi, sauran biyun su ɗauki nauyin har injin ya ƙone. Idan mai gyaran janareta ya musanya waya biyu, irin kwamfiresar da ake kira sukurol sai ta juya da baya, ta yi ta ƙara babu sanyi. Akwai ƙaramar na'ura mai lura da wannan, ita ma sai an gwada ta. Haka kontakta, makunnin da ke haɗa wa kwamfiresa wuta, wadda kiyashi da ƙadangaru ke son shiga, sai an buɗe an duba ko bakinta ya ci wuta. Makunnin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa kuwa daga lambar da kamfani ya buga a jikin akwatin ake saita shi, ba da ka ba.

Sana'ar ba ta tsaya inda dattijon ya koye ta ba. Ya tashi da gas ɗin R22, wanda duniya ke janyewa daga gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga rufin sararin samaniya. R410A da ya biyo baya matsinsa ya fi na R22 da kusan rabi, don haka lambar da ke nuna lafiya a wannan, alamar ciwo ce a wancan. Da furfurarsa ya sake koyon karatun geji, yanzu kuma ga R32.

A ranar nan, kafin ya rufe akwatin ya zaro maka, ya rubuta a cikin murfin kwanan wata, matsin gefe biyu, da wutar da kowane layi ya ja. Na tambaye shi dalili. Ya ce wata rana wani ne zai buɗe, ya kamata ya tarar da yadda take lokacin da take da lafiya. Sannan ya ɗaure kusoshin murfin huɗu, ya ɗora tafin hannunsa a kan babban bututu ya ji sanyinsa, ya ce wa yaron ya naɗe tiyo.