Jinjina ga Akawun Albashi a Paris-Congo

A ofisoshin unguwar Paris-Congo da ke Njamena, akawun da ke kwashe bayanan albashi zuwa Excel ya cancanci jinjina. Wasu kan ce ai kwamfuta ce ke aikin. Ina! Fayil ɗin CSV na tsarin Faransanci da waƙafi mai ruwa yake raba bayanai, in ya faɗa kwamfutar tsarin Amurka sai suna da kuɗi su cunkushe a gida ɗaya. Excel kuma kan haɗiye sifilin farkon lambar asusu, ya mai da 3 ga Afrilu 4 ga Maris. Akawun ne ke kama waɗannan, ya tabbatar an cire kason asusun inshorar ma'aikata na CNPS daidai kafin sefar ma'aikaci ta shiga banki. Masu kamfani, ku daina raina kujerarsa.