Azara da Katako a Ginin Hausa

Abin da Bahaushe yake samu daga jikin bishiya ba suna ɗaya yake ba shi ba, domin wanda za a hura wuta da shi itace ne, wanda aka kayar aka bari kwance da ɓawonsa gungume ne, wanda aka tsaga daga giginya don rufin soro azara ce, wanda kuwa zarto ya bi ta kansa har ya fito da kusurwa huɗu daidai shi ne katako. Kuma waɗannan biyu na ƙarshe, ko da yake a zahiri aikinsu ɗaya ne, wato ɗaukar rufi, kowannensu ya zo da nasa ilimi da nasa ma'abota sana'a.

Falalar azara ita ce gara ba ta cinta da sauƙi, aibinta kuwa shi ne idan aka shimfiɗa ta a sarari fiye da kimanin ƙafa shida, aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Wannan larura ce, a ganina, ta haifi mafi girman hikimar maginanmu, saboda mutumin da yake son zaure mai faɗi, alhali abin da ke hannunsa gajere ne, tilas ya yi ijtihadi: ya kafa azara cikin bango, ya ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan zarce ta, ya shafe da ƙasa ya jira ta bushe, sa'an nan ya ƙara, daga wannan gefe da wancan, har hannuwan biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakunan suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. Wanda yake son ya ga iyakar da wannan fanni ya kai, sai ya duba Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara kawai.

Katako kuwa baƙo ne, wanda hanyarsa ta buɗe bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka riƙa hauro da shi daga dazuzzukan kudu, inda garuruwa irin su Sapele suka yi suna da injinan yanka. Tare da shi kwano ya zo, da ƙusa, da kafinta mai awo da inci, wanda ya sha bamban da masassaƙi mai gizago. Har yau in ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Kasuwar Katako ta Yamai, za ka ji ana ciniki da tu-bai-tu da tu-bai-fo, dillali yana ɗaga fallen katako da hannu ɗaya, yana kanne ido yana bin tsawonsa don ya ga ko ya karkace.

Ba na musun fa'idarsa ko kaɗan, domin magidancin da ya huta da yaɓen rufi kowace shekara kafin damina, da fargabar yoyo a watan Agusta, ya san abin da ya samu. Sai dai katako, da yake yana ƙetare faɗin ɗaki a miƙe ba tare da dabara ba, ya ɗauke wa magini buƙatar ilimin da ya gada, shi kuwa wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannu yake, daga uba zuwa ɗa ƙarƙashin Sarkin Magina. Ga shi kuma gara tana cin mafi yawan katakon kasuwa in ba a shafe shi da baƙin mai ba, ɗakin kwano kuma a watan Afrilu ba ya zaunuwa da rana. Yanzu idan tsohon soro ya tsage, mai shi yakan sha wuya wajen neman azara mai ƙwari, da yake giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, ya kuma fi shan wuya wajen neman wanda ya iya ɗaura ta.