Ɗan Littafin Tunawa da Malam, da Abin da Aka Bari a Waje

Kwamitin ikkilisiyarmu a nan Garwa ya buga wani ɗan littafi mai shafi 16 domin cikar shekara ɗaya da rasuwar abokin aikina, malamin lissafi na makarantarmu ta dare. An raba shi a ƙofar majami'a bayan sujada. Na karanta shi sau uku, na kuwa zub da hawaye a shafi na 5, inda wata uwa daga zumuntar mata ta ba da labarin yadda ya koya mata rubuta sunanta bayan ta haura shekara hamsin. Duk da haka ina da magana a kan littafin nan, zan kuma faɗe ta, ko da yake da hannuna a cikinsa. Ba zan kama sunan marigayin ba, gama matarsa ta roƙe ni kada in yi. Mu dai Malam muke ce masa.

Bari in fara da abin yabo. Waɗanda suka rubuta ba su mai da shi mala'ika ba. Sun faɗi zafin ransa a kan makara, sun faɗi yadda yakan rufe ƙofar aji ƙarfe shida daidai, ko da dattijon ikkilisiya ne ya rage a waje. Wani ɗan acaɓa da ya ci jarrabawar BEPC ta hannunsa ya tuna yadda Malam yakan bar misalan littafi, ya yi lissafi da buhun auduga da kuɗin mai, ya faɗi abu da Faransanci, ya sake da Fulatanci, in ya ga ɗan Bahaushe ya yi zuru ya juya masa da Hausa. Wannan shi ne mutumin da na sani. Shekara goma sha ɗaya muna amfani da ɗaki guda, ni da masu koyon baftisma da la'asar, shi da ɗalibansa da dare. Nakan goge allo in bar masa, shi kuma yakan bar mini guntun alli a kan taga. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yakan haura digiri 40, rufin kwano yana ta hura wuta har bayan magariba, ban taɓa zuwa na tarar an ce Malam bai zo jiya ba.

To, ga inda littafin ya kauce. Kalmar sadaukarwa tana kusan kowane shafi. A shafi na 9 har an rubuta cewa bai taɓa tambayar kuɗi ba. 'Yan'uwa, wannan ba gaskiya ba ne. Ya tambaya. Ni ne na kai wasiƙarsa ga kwamiti har sau biyu, wasiƙa mai ladabi, yana roƙo a biya shi bashin wata huɗu domin 'yarsa tana asibiti. Sa'ad da aka karanta mana shafin nan kafin a kai shi wurin bugawa, ina zaune, na yi shiru. Na ce a raina, ranar tunawa ba ranar tone-tone ba ce. Yanzu na ga cewa shirun nan ya cuci marigayin, ya kuma cuci wanda ya gaje shi.

Mai karatu na Yola ko na Jos wataƙila bai san yadda abin yake a wurinmu ba, sai in bayyana. Malam irin wanda muke kira vakater ne, wato malamin da ake biya bisa ga awoyin da ya koyar. Ranar da bai shiga aji ba, ba shi da ko sisi, ko ciwo ne ya kwantar da shi. Shekarar makaranta tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuni, saboda haka Yuli da Agusta ba komai, daidai lokacin da hatsi yake tsada, ana jiran sabon amfanin gona. Da safe yana koyarwa a wata sakandare, da dare yana wurinmu, tsakanin nan kuma yana bin gidajen masu hali yana yi wa 'ya'yansu bita. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan da ya rubuta sunansa a asusun fansho na ƙasa, wato CNPS.

Abin yana da asali. A shekarar 1993 gwamnatin Kamaru ta yanke albashin ma'aikata har sau biyu, sa'an nan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ta koma rabi. Ina makarantar firamare ta mishan a kwanakin, na kuma tuna malaminmu ya fara zuwa aji da laka a ƙafa, daga gona. Ɗaukar malamai ya tsaya, yara kuwa ba su daina ƙaruwa ba. A shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, azuzuwa suka cika maƙil, musamman a jihohinmu uku na arewa. Sai iyaye suka shiga tara kuɗi ta ƙungiyoyinsu suna ɗaukar malamai da kansu, waɗanda ake kira malaman iyaye. Daga baya gwamnati ta ɗauki dubbai a kan kwantiragi, amma a ƙauyukan bakin Binuwai ba wuya ka shiga makarantar da shugabanta kaɗai yake cin albashin gwamnati. Littafin tunawa ya ba da shafi biyu ga tarihin bishara a arewa, ya ambaci masu mishan na Lutheran da suka shigo a shekarun 1920, ya ambaci Fada Yves Plumey da 'yan'uwansa da suka iso a 1946. Daidai ne, sun cancanta. Amma ko layi ɗaya babu a kan tarihin da ya sa mai ilimi kamar Malam ya tsufa yana cin abinci bisa ga awa.

Mu duka mun tuna da Hamidu, malamin wasanni na sakandaren Beka, a Faro, kusa da iyakar Nijeriya. Ya yi shekara goma yana koyarwa ba lambar aiki, ba albashi. Sa'ad da malamai suka fara yajin da aka sani da OTS a Fabrairun 2022, suna cewa haƙurinsu ya kai maƙura, hotonsa ya zaga ƙasa duka. Aka sa hannu a takardarsa da gaggawa, ba a daɗe ba kuwa ya rasu, a watan Maris na shekarar. Na tuna yadda muka yi ta magana a ƙarƙashin bishiyar maina bayan sujada, kowa yana kaɗa kai yana cewa Yawunde ba ta da tausayi. Malam yana tsaye tare da mu a ranar, yana riƙe da kekensa, bai ce uffan ba. Muna riƙe masa bashin wata biyu a lokacin.

Na san amsar ma'aji, ba kuwa maƙaryaci ba ne. Zai ce kuɗin makarantar dare daga aljihun ɗalibai yake fitowa, ɗaliban kuma 'yan acaɓa ne, da masu wanki, da zawarawa, rabinsu ba sa cika biya. Zai ce in an bi doka sosai, sai a rufe makarantar. A 2014 mafi ƙarancin albashi a Kamaru sefa 36,270 ne a wata, a 2023 kuma aka ɗaga shi zuwa 60,000 ga yawancin ma'aikata masu zaman kansu. Gaskiya ne ba mu da ƙarfin biyan kowane malami haka daga kuɗin ɗalibai. Sai dai na ga lissafin bikin tunawa da idona. An buga atamfa da hotonsa, an yanka sa, an yi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Abin da aka tara cikin mako uku ya fi abin da Malam ya karɓa daga hannunmu a shekara guda. Ashe kuɗin yana nan, sai dai ba ya fitowa sai an ji kukan makoki. Ban ce kada a yi biki ba. Ni ma na ɗinka atamfar, ina kuma sa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke amfani da kalmomi masu tsarki mu rufe bashi. Sadaukarwa abu ne da mutum yake bayarwa da yardar ransa. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti don kada ya nawaita wa kowa, amma shi ya zaɓa, shi ɗin ne kuma ya koya wa ikkilisiyoyi su kula da masu yi musu aiki. In ka hana mutum hakkinsa, ya mutu, sa'an nan ka rubuta cewa ya sadaukar, ka ɗauki abin da ka ƙwace ka sa masa sunan baiko. Yaron da ya karanta shafi na 9 kuma zai koyi cewa malamin kirki shi ne wanda ba ya tambaya, mai tambaya kuwa ɗan duniya ne. Mu katikis mun san wannan waƙar, an daɗe ana rera mana ita, amma ba maganarmu nake yi yau ba.

Da an tambaye ni abin da ya kamata a ƙara a littafin, da na ce a buga wasiƙarsa yadda take, in matarsa ta yarda, a kuma rubuta a ƙarƙashinta ranar da aka biya bashin. Ba a biya ba tukuna, shi ya sa babu ranar da za a rubuta. Na kawo wa kwamiti shawara a rubuce: a biya gwauruwar abin da muke riƙe da shi, a keɓe baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku domin malaman awa, a raba kuɗinsu a kan wata goma sha biyu don kada damina ta same su hannu wofi. Tun 2014 CNPS ta buɗe ƙofa ga masu son biya wa kansu, ana kuma bukatar biyan wata 180 kafin fansho ya tabbata. Da mun fara taimaka wa Malam da wannan tun da wuri, da yau iyalinsa suna da abin dogara.

Wanda ya karɓi ajinsa saurayi ne da ya gama jami'ar Ngaundare, yana da mata da jariri. Ya iya koyarwa, ɗalibai suna sonsa. Shi ne ya tsaya a ƙofar majami'a yana raba ɗan littafin nan ranar bikin. Har yau ba shi da takardar ɗauka, kuɗin watan Mayu kuma bai shiga hannunsa ba. Jiya da la'asar na goge masa allo, na tarar ya bar mini ƙaramar takarda a kan taga, yana tambaya ko zan iya kai masa wasiƙa ga kwamiti. Zamansu na gaba Asabar ce, na kuma ce masa tare za mu shiga.